Likita Habila da Wurin da Bai Kewaye Ba

Ina farawa da sunan Allah, wanda Shi kaɗai Ya san ranar da za a naɗe ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, wannan tarihin Likita Habila Yelwa ne, Kirista, wanda ya yi aikin asibiti a ƙasar Gumel shekara talatin da bakwai, ya rasu a garinmu Rijiyar Maje, kusa da Ɗanzomo, a watan Safar na shekarar 1445. Ni Abdurra'uf ɗan Malam Siddiƙu na rubuta shi. Abu ɗaya mutumin nan ya roƙa a wurinmu, wato a binne shi kusa da matarsa, kuma ina son a san yadda aka yi bai samu ba.

Asalinsa Bahaushe ne daga wani ƙauye a kudancin Kano. Mahaifinsa Bamaguje ne da ya shiga addinin Kirista tun yana saurayi, ya sa 'ya'yansa duka a makaranta. Habila shi ne ya yi nisa, har ya zama likita, aka turo shi Gumel a 1986 tare da matarsa Rifkatu, wadda ita ma ma'aikaciyar jinya ce. Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya, ba ya rabuwa da hula ƙube. Wanda bai san shi ba sai ya yi masa sallama irin ta Musulmi, shi kuwa ya amsa ta cikakkiya.

Ban san shi ba sai a bazarar 1996, shekarar da sanƙarau ya shiga ƙasarmu. A Rijiyar Maje kaɗai mun binne mutum goma sha tara cikin mako biyu. Hukuma ta mayar da makarantar firamare asibiti, ta turo Likita da matarsa da ma'aikata uku. Aka shimfiɗa marasa lafiya a kan tabarmi cikin azuzuwa, ana rataya ledar ƙarin ruwa a ƙusoshin allo. Rifkatu ce mai juya yara, mai goge musu baki. A kwana na ashirin da uku wuyanta ya sandare. Mijinta ya yi mata duk abin da yake yi wa namu, bai yi amfani ba. Ta cika da hantsi ranar Talata.

Zafin rana ya kai matuƙa, motar asibiti ta tafi Gagarawa ɗauko magani, gawar mai sanƙarau kuwa ba a jinkirta ta. Maƙabartarmu ta Musulmi ce, babu wanda ya yi tunanin a kai ta can, shi ma bai nema ba. Yana tsaye a bakin aji, hannunsa a aljihu, sai ga mahaifina Malam Siddiƙu ya iso yana dogara sanda. Ya ce, "Wadda ta mutu tana jinyar 'ya'yanmu ba za a rasa mata taku huɗu na ƙasa a garin nan ba. Likita, biyo ni."

Ya kai shi kusurwar gabas ta gonarmu ta gandu, inda gamba ta raba mu da hanyar shanu. Ya ja layi da sandarsa, ya ce, "Daga nan zuwa nan na ba ka. Wurin mutum biyu ne. Ranar da taka ta zo, sai ka kwanta kusa da iyalinka. Sharaɗina ɗaya, ba siminti, ba gicciye." Likita ya ce ya yarda.

Ni da ƙanena Ismail muka haƙa kabarin. Mun fara shi kudu da arewa yadda muka saba, Likita ya tsayar da mu, ya ce a juya shi, kai a yamma, ƙafafu a gabas. Ismail ya ɗago da gumi a fuska ya tambayi dalili. Likita ya ce, "Domin in ta tashi zaune, ta fuskanci inda Almasihu zai ɓullo." A ranar na fara jin abin da mutumin nan ya ɗora rayuwarsa a kai.

Bayan kwana bakwai ya zo da dashen maina, wato darbejiya, ya kafa a wajen kanta. Na same shi yana zuba ruwa, na ce masa, "Likita, akwai wata mas'ala. A mazhabarmu kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe, tun mai bayarwa yana da rai da lafiyarsa. Malamai suna kiran wannan hauzi. Wurin matarka an riƙe shi, tunda ga ta a ciki. Naka kuwa fili ne kawai. Ka sa a saro ƙaya a kewaye duka biyun, shi ke nan ya zama naka."

Ya dube ni kamar na faɗi abin dariya. Ya ce, "Malam, shingen me? Ai ni ba zan kwanta ba. A tsaye zai same ni, da allura a hannu. Ita ma ajiya ce na kawo muku, ba za ta daɗe ba."

Aƙidarsa, kamar yadda ya yi mini bayaninta sau da yawa, ita ce Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, wanda yake kira Yesu Almasihu, yana gab da dawowa. Za a busa ƙaho, mabiyansa da suka mutu su fara tashi daga kaburburansu, sannan a fyauce rayayyun cikinsu a haɗa su a sararin sama, ba tare da sun ɗanɗani mutuwa ba. Yana da tabbacin cewa shi yana cikin rayayyun. Ba ya yanka rana, yana cewa an hana su, amma yana cewa manomi ba ya buƙatar kalanda kafin ya gane damina ta kusa. Yaƙi, yunwa, annoba, girgizar ƙasa, duk abin da rediyo ya faɗa, yana da gurbinsa a littafinsa. Gefen shafukan littafin nan ya cika da rubutun jan biro, shekara a kan shekara.

Annoba ta wuce ya koma Gumel. 'Yarsu ɗaya, Keziya, tana da shekara takwas, ƙanwar uwarta ta ɗauke ta zuwa Zariya. Bai sake aure ba. Bai sayi fili ba, bai gina ko ɗaki ɗaya ba, don yana ganin wanda jirgi ke jira ba ya aza harsashin gini. Duk ranar Asabar sai ga shi a kan babur da jarka biyu, ya shayar da mainarsa, ya share ƙarƙashinta, sannan ya biyo zaurena. Da ya yi ritaya a 2011 sai ya tattaro ya dawo Rijiyar Maje gaba ɗaya, Bulama ya ba shi aron ɗaki biyu a bakin kasuwa, ɗaya na kwana, ɗaya na duba marasa lafiya. Har daga ƙauyukan Damagaram ake zuwa wurinsa ta Maigatari. Ran Lahadi kaɗai yake rufewa ya tafi majami'arsu a Gumel.

Shekara ashirin da bakwai muka yi muna jayayya bayan la'asar, ba wanda ya motsa daga matsayinsa ko da taki ɗaya. Abin da ya sa jayayyar ba ta ƙare ba shi ne mu duka biyu mutum ɗaya muke jira. Ni ma na yi imani da saukowar Annabi Isa, da fitowar Dujal kafinsa. Mun saɓa a kan ko shi wane ne, da abin da zai zo yi.

"In ya sauko, Malam, ka tsaya kusa da ni," in ji shi, yana ɗaura mini abin awon jini a damtse. "Zan ce masa wannan maƙwabcina ne, taurin kai ne kawai da shi."

"In ya sauko, Likita, salla zai yi a bayan limaminmu. Sai ka zo da alwalarka, zan ajiye maka wuri a sahu."

"Ka ga, jininka ya hau. Bari in ƙyale ka, kada a ce arne ya kashe malami da gardama."

"Ni ban taɓa ce maka arne ba."

"Ba ka taɓa ba. Almajiranka ne suke faɗa, in sun warke."

Da shekarar dubu biyu ta Miladiyya ta gabato, ya shiga watan Disamba yana rabar da kayansa, har da rediyo. Da Janairu ya kama na aika masa da nawa aro. Ya dawo da shi bayan mako guda, ya ce shi ya yi kuskuren lissafi, ba Mai alkawarin ba. Haka ya yi a shekarar da tayar da ƙayar baya ta tsananta a gabas, haka a shekarar korona. Kullum ina gaya masa sanin Sa'a yana wurin Allah, ba a ba annabi ba, ba a ba mala'ika ba. Kullum yana cewa bai musa ba, amma ya ji ƙamshin ruwa.

Sai dai in faɗi gaskiya a kansa, jiran nan bai sa shi lalaci ba. Ban taɓa ganin mai aiki kamarsa ba. Na tambaye shi wata rana me ya sa yake wahalar ɗinke jikin da yake cewa gobe za a sauya shi. Ya ce, "Bawan da ubangidansa ya ce yana nan tafe, a bakin aiki yake son a same shi." Rabi, matar Ismail, ta yi doguwar naƙuda a daminar 2013, hanyar Gumel ta yanke. Shi ya tsaya a kanta tun walaha har bayan azahar, ya fitar da tagwaye da ransu. Suna nan, Hassana da Hussaini, sun shiga sakandare.

Mahaifinmu ya rasu a 2004. Gonar ta zauna a gandu, muna noma ta tare, har 2016 da 'ya'yanmu suka girma aka ce a raba. Ni na raba ta, domin ni nake raba gadon duk garin. Na auna da igiya, na fitar da kason mata, aka jefa ƙuri'a, kusurwar gabas ta faɗa wa Ismail. Ina riƙe da igiyar nan na wuce ta gindin maina. Na tuna layin da Malam ya ja da sandarsa. Da na ce a cire wurin kafin rabo, babu wanda zai musa mini a ranar, domin Bulama yana nan, 'yan'uwa suna nan, zukata kuma a sake suke. Amma akwai baƙin malamai biyu daga Gumel da suka zo shaida, na ji nauyin a ce ina yanka wa Kirista maƙabarta daga gadon Musulmi a gabansu. Na ce a raina zan yi wa Ismail magana daga baya. Ismail ya shuka riɗi a wurin, yana kauce wa kabarin da garmarsa, kunyoyinsa kuwa suka hau ɗaya gefen.

A farkon 2023 hannun Likita na hagu ya fara rawa. Ya daina yin allura da kansa. Wata la'asar ya zo zaure ba tare da abin awon jini ba, ya zauna.

"Malam Abdurra'uf, ina jin ni ma ta ƙofar kowa zan bi."

"Ka daina jiran ke nan?"

"Ban daina ba. Zai zo. Sai dai ina ganin a kwance zai same ni. Ni likita ne, na san abin da ke cikin kaina. Wurin nan da Baba ya ba ni. Na ga riɗi ya hau shi. Ban yi magana ba, don ban zaci zan buƙace shi ba. Ba na son a busa ƙaho Rifkatu ta tashi ta waiga ba ta gan ni ba. A garin baƙi na bar ta, na ce mata ina nan kusa."

Na ce masa, "Kada ka damu. Ismail ƙanena ne. Wannan a wuyana yake."

Ya ce, "To, in sa a saro ƙayar?"

Na ce ya bari in yi wa Ismail magana tukuna, kada mutum ya ga ƙaya a gonarsa ba labari. A zuciyata na san ƙayar ba ta da sauran amfani, mai kyauta ya shekara goma sha tara a ƙasa. Abin da ya rage shi ne in je in roƙi ƙanena, ni kuwa ban saba roƙon na ƙasa da ni ba. Rani ya wuce ban je ba. Ruwa ya sauka, Ismail ya sake shuka.

Da aka rufe iyakar Maigatari a daminar, aka shiga maganar yaƙi tsakaninmu da maƙwabta, na ga idonsa ya sake haske. Ya ce, "Malam, wataƙila dai ba sai an dami Ismail ba." Bayan kwana goma sha ɗaya ya faɗi a ɗakin duba marasa lafiya, da safe, yana rubuta wa wata mata magani. Kafin a samo mota ya cika.

Aka kai shi ɗakin ajiye gawa a Gumel, domin su ba sa binnewa sai dangi sun taru. Keziya ta iso daga Kaduna washegari, mace mai shekara talatin da biyar, malamar makaranta. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce, "Baba Malam, Baba ya ce komai yana hannunka." Ma'aikatan wurin sun gaya mata wuta ba ta samuwa, ba za su iya riƙe shi fiye da kwana uku ba.

Na tafi gidan Ismail. Na same shi yana gyaran buhuna.

"Yaya, da kanka? Ai da ka aiko."

Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ajiye buhun ya ce, "Allah Ya sani ba ni da abin da zan ce da Likita sai alheri. Amma na farko larura ce, kai ma ka sani. In aka yi na biyu, ta tashi daga gona ta zama maƙabartarsu. Gobe fasto ya zo da mota biyu ana waƙe-waƙe a cikin riɗina. Jibi wani ya mutu a Gumel a ce akwai wuri a Rijiyar Maje. Yarana kuma da wane ido za su shiga masallaci?"

"Malam ne ya ba shi. Kana wurin. Da hannunka ka haƙa."

"Ina wurin. Ya kewaye?"

Na ce ya ɗauki kasona na bakin rijiya, wanda ya fi nasa kyau, ya bar mini kusurwar. Ya ce ba ƙasar ce ta dame shi ba, sunan da za a sa wa gidanmu ne. Rabi tana bayan zana tana jin mu. Na ji ta ce wa mijinta, "Malam, ka tuna tagwaye." Ya ce mata ba da ita ake ba.

Rana ta biyu muka taru a ƙofar Bulama, da Keziya da fastonsu da dattawan gari. Na ba da shaidar abin da na ji daga bakin mahaifina, Ismail bai ƙaryata ni ba. Ya ce kawai, "Ranka ya daɗe, a tambayi Yaya. Kyautar da ba a riƙe ba har mai ita ya rasu, mene ne hukuncinta? A zaurensa na koya."

Bulama ya juyo ya ce, "Malam, me shari'a ta ce?"

Shekara arba'in ina amsa wannan tambaya a garin nan, na amsa ta a kan marayu, na amsa ta a kan zawarawa. Ba ni da wata amsa dabam da zan ciro domin abokina. Na ce kyautar ta ɓaci, wurin ya koma gado, gadon kuma an raba, mai kaso shi ke da iko da kasonsa. Na ƙara da cewa abin da shari'a ba ta tilasta ba, mutunci yana iya bayarwa. Na dubi dattawan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wanda Likita bai taɓa riƙe hannunsa ko na ɗansa ba. Wani ya ce Allah Ya ba da haƙuri. Wani ya ce ai ƙasa duk ta Allah ce, ko'ina aka sa mutum daidai ne. Bulama ya ce ba zai iya ƙwace wa mutum gonarsa ba. Aka shafa fatiha aka tashi.

A rana ta uku aka binne shi a maƙabartar Kiristoci a Gumel, tsakanin mutanen da bai sani ba. Daga garinmu mutum huɗu muka je, muka tsaya daga nesa. Kafin a tafi, Keziya ta roƙi a kai ta wurin mahaifiyarta. Muka bi ta hanyar shanu don kada mu taka shuka. Mainar ta yi girma, mutum biyu ba sa iya rungume ta. Riɗi ya yi fure fari har gindinta, ban da tsawon mutum ɗaya da Ismail yake bari. Ta durƙusa ta ɗebi ƙasa da hannu biyu ta ƙulle a bakin mayafinta, ta ce za ta zuba a nasa.

Na fara yi mata bayanin mas'alar, yadda na gargaɗe shi tun farko, yadda ya ƙi. Ta saurare ni har na gama, domin yarinya ce mai tarbiyya.

Ta ce, "Na ji, Baba Malam. Shi ya yi kuskure, ya zaci lokaci ya ƙure. Ku kuma kun zaci akwai saura." Ta miƙe ta karkaɗe gwiwarta. "Ni ba zan sake zuwa garin nan ba. In aka busa ƙahon, ku ne kusa da ita. Sai ku gaya mata inda yake."

Ban yi imani da tashin da yake siffantawa ba, kuma na san Wanda Ya halicci ƙasusuwa ba Ya rasa inda suke. Wannan bai sauke mini komai ba. Mutum ya ba ni amana a zaurena, na ce a wuyana take, na yi wata bakwai ina jin nauyin taka ƙofar ƙanena.

An yanke riɗin a kaka, ya yi kyau ƙwarai. Ismail ya aiko mini da kwano biyu kamar yadda ya saba, na ce a mayar masa. Muna gaisawa a masallaci. Ɗakunan bakin kasuwa Bulama ya ba wani mai cajin waya. Mainar ba ta buƙatar ban ruwa yanzu, saiwarta ta kai ƙasa, amma ran Asabar nakan bi ta hanyar shanu in share ƙarƙashinta. Bana kunyoyin sun matso da taki ɗaya.

Allah Ya yi mana hisabi mai sauƙi a kan haƙƙin maƙwabci.